Igiya a Hannun Wa?

Ranar Juma'a ce, ranar hutunta guda ɗaya tak a mako, amma tun da sassafe Ummukulthum take tsugune gaban murhun gas a ɗakin girkin masaukinsu na Al Wukair, tana tuƙa tuwon shinkafa, gumi yana ɗiga daga haɓarta. 'Yan gida da ke aiki a Doha sun saba, in an sauko daga masallaci sai a haɗu a farfajiyar wani gida da direbobi suke haya, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a ci a yi hirar gida. Ta kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar da ta daɗe tana tattali a ƙasan akwatinta, ta rufe kulolinta, ta ɗauka ta ratsa ranar nan mai ƙona fata har ta isa. Ta ajiye a gefen tabarmar mata, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum ɗaya bai amsa ba. Barira, wadda gadonta yake saman nata, wadda suka sha raba sabulu da man shafawa, ita ce ta miƙa ƙafa ta ture kular har murfin ya faɗi, miya ta malale a kan siminti.

"Ɗauke abinki, baiwar Allah," in ji Barira, tana kallon gefe. "Mu ba ma cin abincin 'yar wanda ya yanke wa mutane igiya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kalmar da ta gudo wa tun daga gida, kalmar da ta haye teku don kada ta sake jin ta, ga ta nan ta biyo ta har ƙasar Larabawa... Ummukulthum ta sunkuya. Ta sa hannu biyu tana kwashe miyar daga ƙasa tana mayarwa cikin kula, hawaye suna zuba a ciki, mata suna kallo, yara ba sa nan balle wani ya ji tausayinta ya taya ta. Can a tabarmar maza kuwa, wani mai ƙiba sanye da farar jallabiya sabuwa yana jan carbi yana girgiza kai, kai ka ce shi ne ya fi kowa jin zafin abin. Baffanta ne Dikko, ƙanen mahaifinta ciki ɗaya.

Asalin abin daga Kwarin Maje ne, wani ƙauye da Allah ya binne wa zinare a ƙarƙashin gonakinsa, ya zame musu jarrabawa. Mahaifinta Malam Ɗalhatu shi ne mai igiya a babban rami, wato mutumin da yake zama a baki yana saukar da mahaƙa yana fito da su, rayuwar kowa a tafin hannunsa. Ba kowa ake ba wannan aiki ba sai wanda aka yarda da amanarsa. Mai ramukan kuwa wani attajiri ne daga birni, wanda bai taɓa leƙa ƙasa ba ko sau ɗaya. Mahaƙa suka yi ta roƙonsa ya sayo katakon tokare bango, ya gyara injin da yake hura musu iska, domin ƙasa ta fara zubowa, mutane suna suma a ciki. Ya ce duk wanda yake tsoron mutuwa ya koma noma. Da abin ya ishe su sai suka yi yajin aiki irin nasu: wasu suka sauka ƙasa suka zauna a kan jijiyar zinaren suka ce ba mai fitowa, ba kuma mai taɓa dutse, sai an biya musu buƙata, sauran suka kewaye bakin ramin suna gadi.

Attajirin bai aiko da katako ba, mota biyu ya aiko cike da 'yan daba, da adduna da bindigogi. Ranar nan Kwarin Maje ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mahaƙa da diga da shebur, 'yan daba da harsashi, aka cinna wa injinan niƙa dutse wuta, hayaƙi ya rufe gari, mata suna ta kururuwa suna neman 'ya'yansu. Da ƙura ta lafa aka ruga bakin rami, sai aka tarar igiya a yanke, injin iska a kashe, bango ya rufta a kan waɗanda suke ƙasa. Mai igiya kuma ba ya wurin. Can aka hango shi yana tahowa daga cikin gari a guje, ba hula, ba takalmi. Ya rantse da Allah cewa ƙanensa Dikko ne ya zo ya ce masa harsashi ya sami 'yarsa Ummukulthum a hanyar kawo abinci, shi ya sa ya damƙa masa igiya ya ruga gida. Dikko kuwa ya fito yana kuka wiwi, ya ce shi tun safe yana kasuwar garin gaba, bai ma taka bakin rami ba, kuma ya daɗe yana ganin yayansa yana ƙus-ƙus da yaran attajiri. Mutane masu ɗanyen jini a zuciya ba sa tsayawa bincike. A gaban idonta, tana yarinya mai tallan fura, suka rufar wa mahaifinta da duwatsu da gora, yana ɗaga hannu yana kiran sunan waɗanda yake saukarwa kullum, har muryarsa ta ɗauke.

Liman ya ƙi fitowa ya yi masa salla, gari ya ƙi fitowa. Tsofaffi biyu ne suka tausaya suka haƙa masa rami a bayan gari, nesa da maƙabarta, suka rufe shi da sauri kamar masu ɓoye abin kunya. Mahaifiyarta ba ta ga wata damina ba, baƙin ciki ya tafi da ita. Dikko ya shiga gidan yayansa da gonarsa, ya ce riƙon marainiya zai yi, riƙon kuwa shi ne ɗiban ruwa da daka da wanki da zagi safe da yamma. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, saboda ita mahaifinta ya bar igiyar. Ta sani sarai ba ya ƙarya, domin ita ya tarar a tsakar gida lafiya lau tana dama fura, ya rungume ta yana haki, sannan ya dafe kai ya juya a guje. Ta faɗa, ta sake faɗa, amma wa zai saurari 'yar maci amana?

Da ta girma wata ƙanwar mahaifiyarta ta yi mata hanya wajen wani ejan, ta zo Doha tana shara da goge-goge a wani dogon gini na ofisoshi a Mushairib. Aiki ne mai karya baya, amma a nan ta fara numfashi, domin babu wanda ya san daga Kwarin Maje take. A nan kuma Garzali, direban motar da take kai su aiki, ya gan ta ya ji ta kwanta masa. Saurayi ne mai kunya, in zai yi mata magana sai ya yi ta goge madubin mota da ba shi da datti. Ya ce mata shi ma maraya ne, yayansa da ya riƙe shi ya rasu, bai ƙara komai ba, ita ma ba ta tona nata ba. Har sun fara maganar in sun je hutu gida zai turo manyansa. Ana haka sai ga Baffa Dikko ya sauka, an rufe ramuka a gida, ya samo aikin gadi. Ya iya baki, ya iya sallar sahun gaba, kafin wata ya zagayo ya zama na hannun daman kowa. Ganin Ummukulthum a nan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, sai ya riga ta buɗe baki, ya baza labarin igiya a cikin 'yan gida.

Washegarin ranar da aka zubar mata da miya, ta shiga mota ta gaishe da Garzali kamar kullum. Bai ɗago ba. Da kowa ya sauka a Mushairib sai ya kira ta.

"Ummu, ki gaya mini gaskiya don Allah. Ke 'yar Ɗalhatu mai igiya ce?"

"Ni 'yarsa ce," ta ce, "kuma wallahi Babana bai yanke igiyar kowa ba."

"Yayana Kamilu yana cikin ramin nan!" Garzali ya daki sitiyari, hawaye suka ɓalle masa. "Shi ya ciyar da ni, shi ya kai ni koyon mota, ko gawarsa ba mu gani ba... Kuma ni ne nake zaune ina lissafin kai ki gaban mahaifiyarmu? Sauka, Ummukulthum. Halas, an gama. Kada ki sake kiran sunana."

Ta sauka. Daga ranar nan duniya ta yi mata ƙunci ta ko'ina. Barira ta kwashe kayanta ta koma wani ɗaki, ta ce ba ta iya barci kusa da ita. 'Yan'uwanta mata suka je wa shugabar aikinsu da ƙorafi iri-iri, har aka raba ta da su aka mayar da ita wankin bayi da ɗaukar shara a ƙasan gini, inda iska ba ta kaiwa. In ta shiga mota kujerar kusa da ita a banza take zama, ko da mutane suna tsaye. Mutanenmu ke nan, in sun sami wanda za su tsana tare, sai ka ga zumunci ya ƙaru a tsakaninsu! Ta rame, idanunta suka faɗa, abinci ya daina wuce mata. Lokacin hutun azahar takan shimfiɗa kwali a ɗakin ajiye tsintsiya ta yi salla, ta daɗe a sujada tana kuka. Ba ta taɓa roƙon Allah ya dawo mata da Garzali ba, ba ta roƙi a sauya mata aiki ba. Abu ɗaya take maimaitawa: "Ya Allah, kai ka ga abin da ya faru a bakin ramin nan. Ka wanke Babana, ko da bayan raina ne... Ya Allah ka wanke Babana."

Dikko bai gamsu ba. Ya tafi wajen Malam Alidu, dattijon Zango daga Gana wanda duk 'yan gida suke girmamawa, ya ce a cire yarinyar daga cikin jama'a gaba ɗaya, kada a gaishe ta, kada a je mata in ta kwanta ciwo. Malam Alidu ya ce shi ba ya yanke hukunci a bayan idon mutum, a kira ta ranar Juma'a kowa ya ji. Haka ta zo ta zauna ita kaɗai a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi. Farfajiyar ta cika fiye da kullum, har da baƙi waɗanda kamfaninsu ya dawo da su Al Wukair kwanan nan. Dikko ya miƙe ya gyara jallabiya, ya fara ba da labari da muryar nan tasa mai kauri, ya kawo yajin aiki, ya kawo 'yan daba, ya kawo wuta da hayaƙi, yana share hawayen da babu su.

"Ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce, "amma gaskiya ta fi ɗan'uwa. Ni ina kasuwa ranar, da na dawo Kwarin Maje na tarar ya sayar da rayukan bayin Allah..."

"Dakata, maigida. Wane gari ka ce?"

Kowa ya juya. Wani baƙo ne dogo, siriri, yana zaune a can baya da kofin shayi a hannun hagu, domin hannun damansa yatsu biyu ne kawai suka rage. Mumin sunansa, mutumin Gana, yana cikin masu rataya a jikin dogayen gine-gine suna wanke gilashi. Ya ajiye kofin a hankali, ya miƙe, idanunsa a kan Dikko.

"Tun da ka fara magana jikina yake sanyi, ban san dalili ba," in ji Mumin. "Yanzu na sani. Malam Alidu, ni na yi haƙa a Kwarin Maje. Ina cikin ramin nan ranar da ake faɗa."

Ummukulthum ta sauke mayafinta. Mumin ya ce lokacin da bango ya rufto dutse ya danne masa hannu, ya ja jiki ta wata tsohuwar hanya da ta haɗu da ramin da aka daina aiki, ya fito a cikin daji jina-jina. Ya ji ana kama baƙi marasa takarda ana cewa su suka tayar da fitina, sai ya faɗa motar gawayi ya nufi iyaka, bai sake waiwayen ƙasar ba. Duk shekarun nan bai san an kashe Malam Ɗalhatu ba, bai san shi aka ɗora wa laifin ba.

"Akwai wanda ya taɓa haƙa a nan?" ya tambaya. Mutum uku ko huɗu suka ɗaga hannu. "To ku gaya wa jama'a, in mutum ya karɓi igiya daga hannun wani, mene ne farkon abin da yake yi?"

"Sai ya leƙa ramin ya faɗi sunansa da ƙarfi," in ji wani mai gadi daga gefe, "don na ƙasa su san a hannun wa suke. Su kuma su amsa. Ko ruwa mutum zai je sha, sai an yi haka."

"Wallahi haka ne," in ji Mumin. "Muna zaune a ƙasa muna jin harbi sama-sama, sai muka ji an leƙo an ce, 'Igiya a hannun Dikko!' Muka haɗa baki muka ce, 'Mun ji!' Wani yaro a kusa da ni, Kamilu, mai tabo a goshi, har ya yi dariya ya ce yau Malam ya gaji. Yaron kirki, kullum maganarsa ƙanensa da yake koyon mota. Bai rufe baki ba injin iska ya mutu, igiya ta faɗo mana a ka... Wannan murya ina jin ta a barci, ina jin ta a farke. Ita ce wannan da take magana yanzu."

Allahu Akbar! Mutum ya shirya mugunta tsaf, ya shirya ƙarya, ya shirya rantsuwa, amma ya manta da bakinsa, bakin da ya saba kiran nan tun yana saurayi, ya yi shi ba tare da ya yi shawara da zuciyar mai shi ba. Garzali ya zube a ƙasa yana kiran sunan yayansa. Dikko kuwa fuskarsa ta yi fari, carbi ya suɓuce daga hannunsa, ya shiga nuna Mumin da yatsa yana kumfar baki.

"Maƙaryaci! Ɗan damfara! Babu wanda ya fito daga ramin nan, ina tsaye har ƙasa ta gama rufewa!"

"Kana tsaye?" in ji Malam Alidu a hankali. "Ba kai ne kake kasuwa ba?"

Sai a lokacin Dikko ya ji abin da ya faɗa. Ya duba dama ya duba hagu, bai ga fuskar da za ta cece shi ba, sai ya suri kujerar ƙarfe ya yi kan Mumin ya fasa masa goshi. Maza suka danne shi, maƙwabta suka kira 'yan sanda. A ƙasar nan ba a wasa da zubar da jini, ya kwana a tsare, kafil ɗinsa, wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce ba ya buƙatarsa, aka sa shi a jirgi da rigar da ke jikinsa. Kafin ya sauka maganar Mumin ta riga shi isa gida ta waya, dangin waɗanda suka mutu suna jiransa tare da hukuma. A can ya amsa da bakinsa cewa attajirin ne ya yi masa alkawarin shugabancin ramuka in ya karya yajin aikin, ya kuma ambaci sunansa, aka je aka ɗauko shi ma.

Ranar da asiri ya tonu a farfajiyar nan, Ummukulthum ba ta yi guɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta rarrafa ta isa gaban Mumin, jini yana zuba a fuskarsa, ta kasa cewa komai sai "Baba... Baba na gode," tana ta maimaitawa har numfashinta ya sarƙe. Barira ta faɗo a kanta tana kuka tana cewa ta yafe mata don darajar iyayenta, mata suka kewaye ta, waɗanda jiya suke kawar da kai yau suna goge mata hawaye da gefen mayafinsu. Garzali ya daɗe bai iya haɗa ido da ita ba. Da ya zo, a gaban Malam Alidu ya durƙusa, ya ce ba shi da bakin roƙo, amma in za ta iya kallonsa, maganarsu tana nan, mahaifiyarsa ma ta ce a gaishe da 'yarta. Ta ce ta yafe, ta yafe wa kowa, amma ba za a yi maganar aure ba sai an yi wa mahaifinta abin da aka hana shi.

Mutanen Kwarin Maje suka aiko suna tambaya me take so, gida ko gona, duk an karɓe daga iyalan Dikko an ajiye mata. Ta ce su je su yi masa salla. Ranar da aka sa, tana wurin aiki, an mayar da ita hawa na sama cikin 'yan'uwanta, ƙanwar mahaifiyarta ta kira ta ta ɗaga wayar don ta gani. Ga bayan gari nan, an share ƙayoyin da suka rufe wurin, ga sahu bayan sahu har cikin gonaki, tsofaffin da suka yi jifa suna tsaye suna kuka kamar yara. Sabon liman ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga murya ya ce, "Wannan kabarin Malam Ɗalhatu ne, mai amana, wanda muka zalunta. Ku roƙi Allah ya gafarta mana, ku roƙa masa rahama." Aka yi kabbara, ƙarar ta cika ɗan ɗakin da take tsaye.

Ummukulthum ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rungume wayar a ƙirjinta, hawaye suna zuba amma fuskarta a sake, irin sakin da ba ta yi ba tun tana yarinya. Ta kai bakinta kusa da wayar, ta yi magana a hankali kamar mai gudun tashin wanda ya gaji.

"Baba, ga su nan sun zo, duk garin... Ka huta yanzu."